Darasin Lafiya: Yaro Ya Warke Daga Ciwon Daji, Me Ya Rage Wa Uwa?

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi iyayen da ɗansu ko 'yarsu ta yi fama da ciwon daji, wato kansa, aka yi magani, Allah ya kawo sauƙi. Ko da abin bai taɓa shiga gidanki ba, ki daure ki karanta, domin wata rana ke ce za ki faɗakar da maƙwabciya.

A ce yarinya ce 'yar shekara bakwai a Morai. Muƙamuƙinta ya kumbura, haƙora suka fara motsi. Aka fara da asibitin Talata Mafara, aka tura su Gusau, daga can sai Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Aka sayar da awaki da buhunan shinkafa, aka yi watanni ana zarya, har kumburi ya sauka, likita ya ce an yi nasara. Aka dawo gida aka yi sadaka. Katin asibiti aka cusa ƙarƙashin katifa, kafin damina biyu ya ɓace. Bayan shekara goma sha biyu aka kai ta ɗakin miji a Bakura, ba wanda ya sake tayar da zancen. To, a nan ne gyara yake.

1. Dawowar tsohon ciwo daban, sabon ciwo daban

Abin da iyaye suka fi tsoro shi ne ciwon ya dawo. Wannan yakan faru ne a shekarun farko bayan gama magani, kuma duk shekarar da ta wuce lafiya, tsoronsa na raguwa. Amma akwai wani abu na biyu da ba a cika gaya mana ba. Wanda aka yi wa maganin ciwon daji yana ƙarami ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da wani sabon ciwon daji, wanda irinsa daban ne da na farko, a wani sashe na jiki, bayan shekara biyar, ko goma, ko ma talatin. Yaron da ya yi na kaluluwa yana iya yin na jini. Yarinyar da aka yi wa magani a ƙirji tana iya yin na nono bayan ta zama uwa.

2. Me ke jawo shi?

Abubuwa uku ne.

Na farko shi ne gashi, wato hasken nan mai ƙarfi da ake haska wurin ciwon da na'ura domin ƙone shi. A yankinmu ana zuwa Sakkwato ko Shika ta Zariya domin wannan. Hasken yana kashe ƙwayoyin ciwon, amma yana taɓa lafiyayyun ƙwayoyin da ke kusa, ya bar musu tabo a cikin halittarsu. Jikin yaro kuwa yana cikin girma, shi ya sa tabon ya fi tasiri a kansa fiye da babba. Sabon ciwon yakan fito ne a wurin da aka haska ko gefensa, yawanci bayan shekara goma ko fiye.

Na biyu shi ne wasu daga cikin magungunan da ake sawa ta jijiya, waɗanda ake kira kemo. Akwai saikulofosfamaid da danginsa, akwai kuma etofosaid. Waɗannan suna iya taɓa ɓargo, inda jini ke samuwa, har a samu kansar jini. Ta etofosaid takan bayyana da wuri, cikin shekara biyu zuwa uku, ta saikulofosfamaid kuwa tsakanin shekara biyar zuwa goma. Haɗarin yana tafiya ne da yawan maganin da yaro ya sha gaba ɗaya.

Na uku shi ne gado. Mafi yawan ciwon daji na yara ba a gadonsa, amma akwai kaɗan da ake gada. Misali mafi kusa da mu shi ne ciwon daji na idon yara, wanda ke farawa da farin ƙyalli a tsakiyar ido kamar na kyanwa da dare. Kusan 40 cikin 100 na masu wannan ciwon suna ɗauke da ƙwayar gadonsa, musamman wanda ya kama ido biyu. Irin waɗannan yaran suna da haɗarin ciwon daji na ƙashi ko na tsoka idan sun tasa, haɗarin kuma yana ƙaruwa in an yi musu gashi.

3. Yaya girman haɗarin yake?

Kada hankalinki ya tashi, bari mu duba alƙaluma. A Amurka da Kanada an bi diddigin mutum sama da 14,000 da aka yi wa maganin ciwon daji suna yara tsakanin 1970 da 1986. Rahoton da aka fitar a 2010 ya nuna cewa bayan shekara 30, kusan 8 cikin 100 ne suka kamu da sabon ciwon daji mai tsanani. Kin ga ke nan kimanin 92 cikin 100 ba su kamu ba.

Haka kuma likitoci sun koyi darasi. A shekarun 1970, yara 77 cikin 100 na waɗanda aka bincika an yi musu gashi, amma a shekarun 1990 sun koma 33 cikin 100. Da aka rage gashin, sabon ciwon ma ya ragu, kamar yadda rahoton 2017 ya nuna.

Ciwon muƙamuƙin nan da muka yi misali da shi ana kiransa da sunan likita Denis Burkitt, wanda ya bayyana shi a Uganda a 1958. Ya fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, abin da mu mazauna kusa da madatsar ruwa ta Bakolori da fadamun shinkafa muka sani sarai. Ana maganinsa da kemo, ba a cika bukatar gashi ba, saboda haka masu warkewa daga shi haɗarinsu bai kai na waɗanda aka gasa ba.

A nan dole mu ja kunnen juna. Kada wata ta karanta wannan darasi ta ce to ai gara a bar maganin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe irin namu kuwa ba su kai 30 ba. Cikin manyan dalilai akwai zuwa asibiti a makare da kuma tsayar da magani a tsakiya da zarar kumburi ya sauka. Ciwon da ke jikin yaro yau shi ne mai kisa cikin watanni. Wanda ake tsoro bayan shekara ashirin mai yiwuwa ne kawai, kuma in ana sa ido ana kama shi da wuri.

4. Su wa suka fi bukatar sa ido?

Ta farko ita ce 'ya mace da aka yi wa gashi a ƙirji ko hammata. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna kusan 30 cikin 100 na irin waɗannan matan sun kamu da ciwon daji na nono kafin su wuce shekara 50. Shi ya sa ƙwararru suka ce ta fara yin hoton nono duk shekara tun tana da shekara 25, ko bayan shekara 8 da yin gashin, duk wanda ya zo daga baya. Kada ta jira sai ta kai arba'in kamar sauran mata.

Wanda aka gasa a wuya ko kai, likita ya riƙa lalube wuyansa duk shekara, domin ƙullin nan da maƙoƙo ke fitowa a kansa yana iya kamuwa. Wanda aka gasa a ciki ko ƙugu, a fara duba hanjinsa daga shekara 30. Wanda ya yi ciwon ido na gado, duk ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya a kai shi a yi hoto, kuma duk jaririn da ya haifa a kai wa likitan ido tun makonnin farko, domin kowane ɗa nasa yana iya gadon ƙwayar, rabi da rabi.

5. Takardar magani ita ce dukiyar yaron

Duk abin da muka lissafa a sama ba zai yiwu ba in ba a san irin maganin da aka yi wa yaro ba. Likitan da zai ga 'yarki a Maradun bayan shekara ashirin bai san me aka yi mata a Sakkwato ba, ita ma tana ƙarama lokacin. Don haka kafin a sallame ku, ki roƙi likita ya rubuta miki waɗannan a takarda ɗaya:

Sunan ciwon da ranar da aka gano shi. Sunan kowane magani da jimillar abin da aka ba yaron. Ko an yi gashi, a wane wuri, kuma nawa. Aikin tiyatar da aka yi. Lambar fayil da sunan asibiti. Sai kuma lokacin da za a dawo a duba shi.

Kada ki ji kunyar tambaya, haƙƙin ɗanki ne. Ki yi hoton takardar kwafi biyu ko uku, ki naɗe a leda, ɗaya wurinki, ɗaya wurin mahaifinsa, a kuma ɗauka a waya. In kuwa an riga an yi sakaci ta ɓace, a koma asibitin da sunan yaron da shekarar da aka kwantar da shi, a nemi fayil tun bai yi nisa ba.

6. Alamomin da ba a zama da su a gida

Ƙullutu a nono, ko wuya, ko hammata, ko da ba ya zafi. Gyambo ko canjin fata a wurin da aka gasa. Ɗashewar jiki, yawan haɓo, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ciwon ƙashi da ke hana barci. Ciwon kai mai naci tare da amai. Jini a bayan gida. Rama ba dalili. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kai mako biyu, a tafi asibiti da takardar a hannu, kuma kalmar farko da za a gaya wa likita ita ce, an taɓa yi masa maganin ciwon daji yana yaro.

Sannan a nisantar da shi daga sigari, shisha da taba gari. A tabbatar ya samu rigakafin ciwon hanta. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a kai su rigakafin ciwon daji na bakin mahaifa, wanda aka fara bayarwa kyauta a Najeriya a 2023.

7. Maganar aure

Mun san abin da ke sa iyaye yin shiru: tsoron kada manema su gudu, ko dangin miji su yi ta gori. To ku sani, ciwon daji ba a ɗaukarsa ta zama tare, ko cin abinci, ko auratayya, kuma da yawa cikin waɗanda suka warke suna aure su haifi lafiyayyun 'ya'ya. Amma yarinyar da aka ɓoye wa tarihin jikinta, in ta ji ƙullutu a nono sai ta ɗauka daskarewar ruwan nono ne, ta yi ta shafe-shafe har lokaci ya ƙure. Idan ta yi hankali, ki zaunar da ita ki gaya mata komai cikin natsuwa. Shi ma mijin ya sani, tunda shi zai ba da izinin fita da kuɗin mota duk shekara. Ranar da ake haɗa mata kayan ɗaki, a sa takardar nan cikin akwatinta.

Tambayoyin nazari a majalisin karatu

1. Mene ne bambancin dawowar tsohon ciwo da fitowar sabo?
2. Waɗanne abubuwa ne ya kamata likita ya rubuta a takardar sallama?
3. Yarinyar da aka gasa a ƙirji tana da shekara 12, a wace shekara za ta fara hoton nono?
4. Me za ki ce wa uwar da ke son tsayar da maganin ɗanta saboda tsoron abin da zai biyo baya?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.