Ku Karanta Ƙwayar Zarra Kamar Karatun Zaure

'Ya'yana, ku da kuke tsallaka gadar Binuwai kowace safiya daga Jimeta zuwa Girei, da ku nake yau, musamman waɗanda suka karanta fiziks a Jami'ar Modibbo Adama, zuciyarsu kuma ta karkata ga sanin abin da ke cikin ƙwayar zarra. Na san tambayar da ake yi muku a gida: wannan karatu wane aiki zai ba ka? Na kuma san abin da ke sanyaya muku gwiwa. Babbar na'urar wannan bincike tana cibiyar CERN, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, zobe ne a ƙarƙashin ƙasa mai kewayen kilomita 27, mu kuwa nan wutar lantarki ma sai an yi sa'a. To, ku ba ni aron hankalinku.

Wannan fanni gida biyu ne: akwai masu na'ura, akwai masu alƙalami. Masu alƙalami kuwa sau da yawa su ke riga isa. A 1928 Paul Dirac ya rubuta lissafin da ke bayyana halin ilektron, sai lissafin ya nuna cewa ilektron yana da ɗan tagwai mai kishiyar caji. Bayan shekara huɗu Carl Anderson ya gan shi a ɗakin gwaji. A 1964 Peter Higgs ya rubuta gajeriyar maƙala a kan yadda ɓurɓushin zarra ke samun nauyi, ba a ga ƙwayar da ya hango ba sai a Yulin 2012, bayan shekara 48. Jarin waɗannan mutane takarda ne da alƙalami da haƙuri, kuma dukkansu ana samunsu a Yola.

Sai dai alƙalamin nan yana da ladabinsa, kuma ladabin ba baƙo ba ne a wurinmu. Malami ne, Modibbo Adama, ya kafa garin Yola a 1841, kalmar Modibbo ma da Fulatanci malam take nufi. Kun san yadda ake karatun zaure: ɗalibi ya ɗauki littafi ɗaya, ya biya layi, malam ya warware, ba a tsallake shafi, ba a buɗe wani littafin sai an sauke wannan. Haka za ku yi wa ilimin kwantam da na Einstein. Ku zaɓi littafi ɗaya mai kyau, ku bi shi layi bayan layi. Inda marubuci ya ce abu a bayyane yake, a nan za ku tsaya, ku fitar da lissafin da hannunku, ko da zai cinye muku mako guda. Na sha ganin yaro mai kaifin basira ya haddace sunayen ɓurɓushin zarra shida da ake kira kwak, yana zuba zance a kansu kamar ruwa, amma da an miƙa masa alli sai hannu ya ɗau rawa. Ku ƙarfafa tushe tukuna, wato kalkulas da aljabara da lissafin daidaito. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na biyu, ku ji tsoron kaɗaici fiye da talauci. Abdus Salam, ɗan garin Jhang a Fakistan, ya koma Lahore a 1951 bayan ya yi fice a Kambirij. Sai ya tarar babu abokin tattaunawa, babu sabbin mujallun bincike, har ya ga iliminsa zai bushe, ya koma Ingila a 1954. Wannan ciwo bai bar zuciyarsa ba. Shi ya sa a 1964 ya kafa cibiyar ICTP a Tiriyeste ta Italiya, domin kada masani daga ƙasa irin tamu ya zama dole ya zaɓa tsakanin ƙasarsa da iliminsa. A 1979 ya sami kyautar Nobel tare da Glashow da Weinberg, saboda nuna cewa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da rarraunan ƙarfin cikin zarra asalinsu ɗaya ne.

Ƙofar da ya buɗe tana nan a buɗe. Cibiyar tana da kwas na shekara ɗaya, da tallafin karatu, don matasan ƙasashe masu tasowa. Akwai makarantar fiziks ta Afirka da aka fara a Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Kumasi a 2012, ta je Dakar a 2014. Akwai kuma rumbun arXiv a intanet, inda tun 1991 masana ke ajiye sabbin maƙalunsu kyauta, ɗalibin Jimeta ya karanta a wayarsa rana ɗaya da na Amurka. Ku nema, ku rubuta, idan an ƙi ku bana ku sake baɗi.

Kafin nan, ku haɗa kanku ku uku ko huɗu, ku sa rana ɗaya a mako. Bayan la'asar, in zafin Yola ya sassauta, ku sami aji da allo, ɗaya ya tashi ya warware, sauran su tsare shi da tambaya. Kada 'yan'uwanku mata su rasa wuri a wannan zama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aiki kuma bai ƙare ba, kada ku ɗauka kun makara. Tsarin da masana suka gina a kan ƙwayar zarra har yanzu bai haɗa da ƙarfin da ke jawo abu zuwa ƙasa ba, kuma mafi yawan abin da ke da nauyi a sararin samaniya ba a san ko mene ne ba. Idan Allah ya kai ku nesa, ku riƙa dawowa, ku zauna da na bayanku, ku biya musu layi su ma su biya muku. Allah ya buɗa muku ƙirji, ya yi wa karatunku albarka.