Amsar Tambaya: Ƙaura da Iyali daga Zangon Daura zuwa Legas

Tambaya: Na samu aiki a Legas. An nuna mini gida a wani rukunin gidaje mai katanga a Ajah. In ɗauko iyali daga Zango? Mai karatu, Zangon Daura.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka, amma kada ka yi gaggawa. Je ka duba gidan a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan sama ke mamaye titunan Lekki da Ajah. Dubi gindin bango: in fenti ya kumbura ko ya yi baƙi, ruwa na shiga. Buɗe famfo ka tara a kofi, domin rijiyoyin burtsatse da yawa a yankin ruwansu ja ne ko mai gishiri, sai mutum ya koma sayen na tanka.

Zafin can da gumi yake tafe, ba irin na gida ba. Tufafi kan yi funfuna a akwati. Tambayi kuɗin gadi da na shara. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya.

Abin da ya fi damuna shi ne uwargida, wadda ta saba da maƙwabta da zumunci, ta wuni a kulle ba mai sallama. Ni dai na fi maka sha'awar Agege, inda Hausawa da Islamiyyu suke. Fara zuwa kai kaɗai, iyali su biyo bayan damina.