Tukunyar Tagulla Mai Yawan Kuza: Shawarwari Ga Uwargida

Tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da kuza, kuzar nan da aka daɗe ana haƙa a tudun Jos. A tagullar da aka saba, kuza ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ba. Akwai kuma wadda ake zuba wa kuza kashi 22, jan ƙarfe 78, wadda Indiyawa ke kira kansa, mutanen Koriya kuma bangjja. Ana ƙera ta a Sarthebari ta jihar Assam, da Kantilo ta jihar Odisha, da wasu garuruwan Kerala. Yanzu da ake tallarta a intanet, wasu kuma ana kawo musu tsarabarta, ga abin da ya kamata uwargida ta sani kafin ta ɗora ta a murhu.

1. Ki fara sanin halinta. Yawan kuza yana ƙara wa ƙarfen tauri, amma yana rage masa juriya. Tagullar gama-gari in ta faɗi sai ta lotsa, maƙeri ya buga ta miƙe. Mai yawan kuza tsagewa take yi. Shi ya sa maƙeranta ba sa bugunta da sanyi. Sai sun gasa ta ta yi jajir, mutum uku ko huɗu su kewaye ta da guduma suna sauke mata duka bi da bi, ɗaya yana juya ta da awartaki, ta huce a mayar wuta, a sake. A ƙarshe a tsoma ta cikin ruwa tana da zafinta. Wannan tsomawar ce ke hana ta zama mai saurin fashewa. In kuza ta kai kusan kashi 33, kamar a madubin ƙarfe na garin Aranmula, ba a zancen guduma ma, sai dai a goge a duba fuska.

2. Wajen saye, kunne ya fi ido. Ki ɗora kwanon a tafin hannu, ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da cokali. Na gaske zai yi ƙara siririya mai dogon amo irin na ƙararrawa. Wanda ya tsage ko aka yi wa algus, ƙararsa gajeriya ce, nan take ta mutu. Launinsa ruwan zinare ne mai haske, ba ja ba. Sau da yawa za ki ga sawun guduma a bayansa. Ki gwada da maganaɗisu: in ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Sai dai maganaɗisu ba ya raba miki ita da haɗin jan ƙarfe da tutiya, wanda shi ne aka fi sayar wa mutane da sunan kansa. Kuza ta ninka jan ƙarfe tsada, don haka arahar da ta yi yawa abin tuhuma ce.

3. Ki tambayi batun dalma, ki nace. Masu narka tsofaffin famfuna da tarkacen inji su zuba tukwane sukan shigar da dalma cikin haɗin, wani lokaci da gangan don narkakken ƙarfen ya bi mazubi da kyau. Wanda ya ji labarin yaran Zamfara a 2010 ya san abin da gubar dalma ke yi wa ƙananan yara. Tasar ado da ba ki san haɗinta ba, ki bar ta a kan kabad, kada a ci a ciki.

4. Wuta kaɗan-kaɗan. Mutane na jin an ce jan ƙarfe sai su ɗauka tukunyar za ta yi zafi nan da nan. Kuza tana rage wa jan ƙarfe saurin ɗaukar zafi ƙwarai, ga kaurin jiki, don haka tana jinkirin ɗauka, tana jinkirin saki. A Kerala, uruli, wata faffaɗar tukunyar tagulla mai kauri, da ita ake dafa payasam, wato shinkafa da madara da sukari, a kan wuta marar ƙarfi ana juyawa. Irin girkin da ya dace da ita ke nan: madara, shinkafa, alawa, suyar da ba ta gaggawa. Kada ki ɗora ta babu komai a ciki, domin zafi mai tsanani na iya warware aikin da maƙeri ya yi, ta koma mai saurin tsagewa. Kada kuma ki sauke ta da zafi ki kwara mata ruwan sanyi. Tsomawar maƙeri dabam ce, ya san daidai jan da yake jira.

5. Tsami shi ne babbar magana. Gaskiya ne mai yawan kuza ta fi tagullar gama-gari jure wa abinci. Shi ya sa ake ci a cikinta kai tsaye, alhali tukwanen jan ƙarfe da na haɗin tutiya sai an shafe cikinsu da kuza, shafen da Indiyawa ke kira kalai, wanda ke gogewa a riƙa sabuntawa. Amma fin juriya ba ya nufin tsami ba ya cin ta. Tsamiya, yakuwa, zoɓo, lemon tsami, tumatir da nono duk suna narko jan ƙarfe cikin abinci, musamman da zafi da daɗewa. Ki zuba miyar yakuwa a kwanon kansa a ci a tashi, babu damuwa. Ki dafa ta awa guda a ciki, ko ki jiƙa tsamiyar kunu ta kwana, wannan kam a'a. Alamar an yi kuskure ita ce ɗanɗanon ƙarfe a harshe, ko abinci ya ɗauki kore-kore. Cinsa na kawo tashin zuciya da amai da ciwon ciki. A ganina, gidan da kusan kullum miyarsa ta tumatir ce ya fi cin moriyar kwano da faranti na kansa a kan tukunyarta.

6. Ba mazubin ajiya ba ce. Abin da ya rage ki juye a wani wuri, gishiri ma yana cin ta. Tsofaffin littattafan maganin gargajiyar Indiya sun hana cin man shanun da ya kwana goma a kwanon kansa.

7. Wanki da hannu, da soso mai laushi da sabulu, a goge ta bushe ƙarau nan take, don ɗigon ruwa na barin tabo. In ta dushe, ki cuɗa tsamiya da gishiri ki murza, ki ɗauraye sosai. Tsamin da aka hana a girki shi ne ke fito da haskenta. Toka mai laushi ma tana yi. Matan Koriya, a da, garin fasasshen tayil ɗin rufin ɗaki suke shafawa a tattakar shinkafa su goge, aikin da ke cin yini gabanin bukukuwa. Da gidaje suka koma girki da curin kwal, iskarsa ta riƙa baƙanta kwanukan, sai jama'a suka yi ta musanya su da na silba. Ke ma ki nisanta su da hayaƙi da danshi. Koren tsatsa kuwa guba ne, sai an kankare shi tas kafin a sake amfani.

8. Ba ta aiki a kan murhun lantarki mai amfani da maganaɗisu, ba a kuma saka ta a na'urar ɗumama abinci. Ki ajiye ta a ƙasan kanta inda ba za ta faɗo ba, ki sa ƙyalle tsakanin kwano da kwano. Wadda ta tsage kada ki kai a like da dalma. A Indiya maƙera na karɓar fasasshiya su narke, mai ita ya cika kuɗi ya ɗauki sabuwa.

9. Ki tace zancen 'yan talla. An tabbatar ƙwayoyin cuta na mutuwa a kan jan ƙarfe da haɗe-haɗensa bayan 'yan awoyi, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa irin waɗannan ƙarafa rajista a kan haka a 2008. Wannan magana ce ta fuskar ƙarfe mai tsabta, ba ta abincin da ke ciki ba. Cewa cin abinci a kansa na maganin hawan jini ko ciwon sukari, ko yana ƙara basira, magana ce ta mai son ya sayar. Wanda likita ya ce jikinsa na tara jan ƙarfe, wato mai cutar Wilson, ya guje ta gaba ɗaya.