Yadda Ake Gano Gubar Afulatoksin a Masara

Manomi, ka sani ido ba ya ganin gubar afulatoksin da fumfuna ke haifarwa, dafuwa kuma ba ta kashe ta. A shekarar 2004 ta hallaka mutum 125 a ƙasar Kenya.

Idan za ka kai masara ɗakin gwaji, ɗebi kaɗan-kaɗan daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, domin gubar takan taru ne a ƙwayoyi ƙalilan. A can za a niƙa ta, a jiƙa garin da sinadarin metanol, a tace. Tsinken gwaji yana ba da sakamako cikin mintoci, na'urar HPLC kuwa ita ke auna ainihin yawan gubar.

Masarar da gubarta ta wuce ƙa'ida, kada ka ci, kada ka ba kaji.