Idan Abinci Bai Karɓi Yaronku Ba

Iyaye, a ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, gyaɗa da riɗi abincin kullum ne. Amma akwai yaran da garkuwar jikinsu ke yaƙar waɗannan, ko ƙwai, madara, kifi da awara, tamkar cuta.

Alamomi: Daga 'yan mintoci zuwa awa 2 bayan cin abincin, a kan ga borin jini, kumburin leɓe ko ido, da amai. Idan numfashi ya sarƙe, murya ta dishe, ko yaro ya suma, ku garzaya Babban Asibitin Gumel ko asibiti mafi kusa. Allurar adiranalin ce ke ceto, ba jiƙo ba.

Damuwar yaro: Wanda aka hana ƙuli-ƙuli da kantun riɗi yakan ji an ware shi cikin tsaransa. Matasa kuma sukan ɓoye lalurar don kunya, su ci abin da zai cutar da su, musamman a makarantar kwana.

Abin yi: Ku sanar da malamai da dangi. Kada ku haramta abinci barkatai ba da shawarar likita ba, domin tamowa na iya biyo baya. Yara da yawa sukan rabu da matsalar madara da ƙwai idan sun girma, amma ta gyaɗa da riɗi takan daɗe.