Haruffa Masu Dugadugi: Darasi Ga Masu Haɗa Fasta

'Yan uwana ɗalibai, duk lokacin zaɓen ƙungiya sai fastoci su cika bangon makaranta, amma kaɗan ne ake iya karantawa daga nesa. An kashe kuɗin bugawa, sunan ɗan takara kuma ya ɓace. Sau da yawa matsalar daga zaɓen salon haruffa take. Shi ya sa a wannan fitowar zan yi bayani kan haruffan da ake kira slab serif, musamman masu kauri da karkata, wato Bold Italic.

Ku duba harafin T ko H a Times New Roman, za ku ga ƙananan ƙafafu a ƙarshen kowane layi. A slab serif waɗannan ƙafafun suna da kauri kamar bulo, kusan daidai da jikin harafin. Ni dai masu dugadugi nake ce musu.

A Landan aka fara su, farkon ƙarni na 19, lokacin da 'yan kasuwa ke neman haruffan talla da za su ja ido a titi. Vincent Figgins na cikin waɗanda suka fara sayar da su. Clarendon ya fito a 1845, Memphis a Jamus a 1929, Rockwell kuma daga kamfanin Monotype a 1934. Tun asali aikinsu ke nan: a gan su daga nesa.

Kaurin yana ba da nauyi, karkatar kuma tana sa kalma ta yi kamar tana gudu. Saboda haka sun dace da sunan ɗan takara, gasar ƙwallo ko daren al'adu. Amma a kiyaye abu huɗu.

Na ɗaya, kanu kawai. Kalma uku zuwa biyar sun isa. Rana, wuri da lokaci a sa su da haruffa tsayayyu marasa ado. Dogon bayani da Bold Italic gajiyar da ido yake yi.

Na biyu, a nemi karkata ta ainihi. Idan salon ba shi da ita, wasu manhajojin sai su tanƙwara haruffan da kansu, siffarsu ta lalace. Rockwell, Arvo da Zilla Slab suna da tasu. Roboto Slab ba shi da ita.

Na uku, tazara. Ƙafafun nan masu kauri suna haɗewa idan an matse su, sai a ɗan buɗa tsakaninsu.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mu: ƙ, ɗ da ɓ. Tsofaffin salo da yawa ba su da su. Ko kwamfuta ta aro siriri daga wani salon, ko akwati ya fito a gurbinsa. Kafin ku zaɓa, ku rubuta "ƙungiyar ɗalibai" ku gani. Cire ƙugiya ba mafita ba ce, don ƙasa daban, kasa daban.

Kafin ku kai wa mai bugawa, ku fitar da gwaji a A4, ku manna a bango, ku ja da baya taku goma. In sunan bai fito ba, a gyara tun kuɗi na aljihu.