Tsayawar Nauyi Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da likitoci suke yi wa wanda ƙibarsa ta wuce kima har ta zama cuta, inda ake rage girman tumbinsa don kada ya riƙa ɗaukar abinci mai yawa. A irin da aka fi yi a yau ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a cire, a wani irin kuma ana haɗa ɗan abin da aka ware na tumbin da hanji kai tsaye. Kafin a kai ga haka sai an yi lissafin nauyi da tsawo, wato a ninka tsawon mutum da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da aka samu. Wanda tsawonsa mita 1.6 ne, nauyinsa kuma kilo 90, lissafinsa zai tashi 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 30 a matsayin mafarin ƙiba mai cutarwa. A Nijeriya aikin bai yawaita ba, sai a manyan birane kamar Legas da Abuja, don haka mutumin Kwoi ko Kafanchan da aka yi wa, idan ya dawo gida yakan tarar ya yi nisa da likitan da ya yi masa aikin, sai sikeli ya zama abokin shawararsa na kullum.

A makonnin farko nauyi yakan zube da sauri, amma yawancin abin da ya tafi ruwa ne, domin jiki yana da ajiyar sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Idan cin abinci ya ragu, jiki ya cinye ajiyar, ruwan ma sai ya bi ta. Wajen mako na uku, lokacin da jiki ya soma mayar da ruwansa, lambar sikeli takan tsaya cik har kwanaki ko makonni, ko da yake kitse yana ci gaba da narkewa. A nan ne mutum yake shiga takaici, ya ga kamar kuɗinsa da wahalarsa sun tafi a banza.

Manoman citta a ƙasar Jaba sun san cewa sikelin ɗan kasuwa nauyin buhu kawai yake nunawa, ba ya bambance busasshiyar citta da wadda ta sha laima ko wadda ƙasa ta maƙale mata. Haka yake ga jikin ɗan Adam, domin abin da ake gani a sikeli jimlar ƙashi ne da tsoka da kitse da ruwa da abincin da bai riga ya fita ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka miya mai yawan gishiri da ɗunƙule, ko taurin bayan gida, ko kusantowar jinin al'ada ga mace, kowanne yana iya ƙara kilo ɗaya ko biyu tsakanin safe da dare ba tare da kitse ya ƙaru ba. Wanda yake hawa sikeli sau uku a rana, shige da ficen ruwa kawai yake aunawa, kuma ba abin da zai samu illa ɓacin rai.

Abin da ya fi shi ne awo sau ɗaya a mako, a rana guda, da safe bayan an zagaya kuma kafin a karya, a kan sikeli ɗaya da aka ajiye a daɓen siminti mai daidaito, sannan a rubuta lambar a littafi a kwatanta wata da wata. Wanda ba shi da sikeli yana iya yin awon a asibitin gwamnati na Kwoi ko babban asibitin da ke Kafanchan, inda za a duba masa hawan jini a lokaci guda. Tef ɗin tela ma shaida ne mai ƙarfi: a zagaya shi a ƙugu daidai saitin cibiya, domin sau da yawa ƙugu yana raguwa alhali nauyi bai motsa ba. Saukar sukarin jini, da sauƙin ciwon gwiwa, da iya tafiya gona ko coci ko masallaci ba tare da haki ba, su ne ainihin abin da aka je nema.

Kuskuren da takaici yake jawowa shi ne ƙin cin abinci, da sayen shayin rage ƙiba na 'yan talla, wanda yawancinsa zawo da fitsari yake sawa, ruwa ya fita, kitse yana nan daram. Yunwa kuma tsoka take ci, kuma idan tsoka ta ragu, jiki sai ya rage ƙona abinci. Likitoci sukan nemi wanda aka yi wa aikin ya samu aƙalla giram 60 na sinadarin gina jiki a rana, daga abinci irin su ƙwai, kifi, wake, awara da nono, ya fara da su kafin tuwo ko acca, ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan har lita ɗaya da rabi, kuma kada ya daina shan ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini. Lemon kwalba da kunu mai sukari da burkutu suna wuce ƙaramin tumbi ba tare da sun ƙosar ba, su ne kuma sukan mayar da hannun agogo baya. Akwai kuma bakin mutane, domin inda ake ɗaukar ƙiba alamar jin daɗi, wani zai ce an rame kamar mara lafiya, wani ya ce bai ga canji ba. Duka biyun ba awo ba ne.

Raguwar nauyi takan ɗauki watanni 12 zuwa 18 kafin ta daidaita, kuma dawowar 'yan kilo kaɗan bayan shekara biyu abu ne da aka saba gani. Amma idan nauyi ya tsaya sama da makonni shida a cikin shekarar farko, ko ana yawan amai, ko jiri, ko kumburin ƙafa, ko baƙin cikin ya hana barci da aiki, to a je asibiti da littafin awon a hannu.